Idan karenka ya fara zawo da amai, ga abun da zaka yi kafin ka ruga kemis

Jama'a masu kare a Gombe, na gadi ne ko na farauta ko mai bin garke, wannan rubutun naku ne. Nasan wani zai ce ina ruwan Bahaushe da cikin kare, toh amma duk wanda ya ajiye dabba a gidansa ai cinta da shanta da lafiyarta sun rataya a wuyansa, kuma yanzu ka zaga Tumfure ko Federal Low Cost da daddare kaji haushi ta ko'ina, wasu karnukan ma kuɗi masu kauri aka zuba aka ɗauko su daga Jos. Zawo da amai suna cikin manyan abubuwan da suke kashe su tun suna ƙanana, kuma abun da yawancinmu muke yi shine a aiki yaro kemis ya sayo Flagyl ko kafson nan ja da yalo a tura a cikin tuwo, shikenan an yi magani. Alhali a mafi yawan lokuta abun da yake kayar da kare mai zawo ƙarewar ruwan jiki ne, kafso kuma baya mayar da ruwa.

Farko dai ka tsaya ka duba kashin. Eh nasan ba daɗi, amma shine zai gaya maka inda matsalar take. In yana yin kashi mai yawa ruwa-ruwa sau biyu zuwa uku a rana, galibi daga ƙaramin hanji ne, can sama. In kuma yana tsugunawa akai-akai yana nishi, ɗan kaɗan ne ke fita da majina ko ɗigon jan jini a kai, wannan babban hanji ne, kuma duk da ya fi tayar da hankali a ido sau da yawa ya fi sauƙi. Wanda zaka ji tsoro shine baƙi ƙirin mai danƙo, don jini ne da ya zuba tun daga sama har ciki ya narkar da shi. Sai kuma zawo mai ruwan jini da wani irin ƙarni da baka taɓa ji ba, in ɗan kwikwiyo ne ya yi wannan kar ka tsaya komai, ciwon da ake kira parvo ake zargi, zan dawo kanshi a ƙasa. Ka ɗauki hoton kashin da wayarka ka rubuta lokacin da ya fara da sau nawa ya yi. Likitocin dabbobi suna da ma'auni da suke bawa kashi maki daga 1 zuwa 7, 1 busasshe mai tauri, 2 shine lafiyayye, 7 ruwa zalla, da shi ake auna ko magani yana aiki a wajen bincike, kai ma in ka riƙe shi a kanka zaka iya gane ko yau ya fi jiya.

Sai ka duba karen kanshi, wannan minti biyu ne. Ka zauna gefensa, ba gabansa ba, ka ɗaga leɓensa na sama da babban yatsa ka kalli dasashi. Na lafiyayye ja-ja ne mai haske kuma da laima, yatsanka zai zame a kai. Ka danna wajen da yatsa har ya yi fari sai ka saki, ya kamata jan ya dawo kafin daƙiƙa 2. In ka taɓa kaji ya bushe yana kama yatsa, ruwa ya fara ƙarewa. In kuma ka ganshi fari fat, jini ne babu, ko tsutsa ta shanye ko ciwon da kaska ke kawowa. Daga nan ka kama fatar bayan wuyansa tsakanin kafaɗu ka ɗaga ka saki, ta lafiyayye take komawa nan take, in ta tsaya a tsaye tana komawa a hankali toh al'amarin ya yi nisa. Mai ma'aunin zafi a gida, zafin kare na daidai tsakanin digiri 38 ne zuwa 39.2, ta dubura ake aunawa. Ka wanke hannu da sabulu bayan ka gama, kuma karen da baka sani ba ko wanda halinsa ya canza yana dalalar da yawu yana neman cizo, kar ka kai hannu bakinsa sam, wannan maganar ciwon haukan kare ce, hanyarta daban.

Wanda ba'a jinyarsa a gida ko na rabin yini: kwikwiyo ɗan ƙasa da wata 6 mai amai da zawo tare, karen da ko ruwa ya sha sai ya dawo da shi, wanda ya kwanta ya ƙi tashi, mai farin dasashi, wanda kake zargin ya ci shinkafar ɓera ko mushen ɓeran da ya ci ta, da wanda cikinsa ya kumbura tim yana ta yunƙurin amai babu abun da ke fita. Wannan na ƙarshen tumbi ne yake murɗewa, ya fi samun manyan karnuka masu zurfin ƙirji irin su Alsatian, kuma cikin awowi yake kashewa, sai tiyata. Haka in ka san ya haɗiye totuwar masara ko ƙwallon mangwaro ko leda, kar ka ɗura mishi manja wai ya zame, in man ya bi ta hanyar numfashi ka ƙara wata matsalar a huhu.

In kuwa babban kare ne, yana kaɗa wutsiya yana shan ruwa, zawo ne kawai, toh yawanci wani abu ya ci. Bola ya tona, ko an bashi tuwon jiya da ya yi tsami, kun san zafin Gombe a watan Maris da Afrilu abinci baya wuni, ko kuma lokacin babbar Sallah ne an tara mishi kitse da ƙashi da kayan ciki ya ci har ya kasa tashi. Irin wannan kwana 2 zuwa 5 yake tsayawa da kanshi, aikinka ruwa ne da abinci mara nauyi.

Lissafin ruwan ba wuya. Kare yana buƙatar kamar mililita 50 zuwa 60 a kowane kilo na nauyinsa a rana ko lafiyarsa ƙalau, wato mai kilo 10 ledar fiya wata ɗaya da ɗan ƙari, mai kilo 20 biyu da ɗan ƙari, sannan ka ɗora abun da zawon yake zubarwa. ORS ɗin da ake bawa yara yana yi, in babu ka haɗa ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya na ruwa mai tsafta, kuma ka ajiye mishi ruwan zalla a gefe. In baya sha da kanshi ka samu sirinji ka cire allurar, ka zura bakinta ta gefen kumatu tsakanin leɓe da haƙora, kanshi a miƙe ba'a ɗage sama ba, ka matsa kaɗan ka jira kaga maƙogwaro ya motsa sannan ka ƙara. Kaɗan-kaɗan duk bayan minti 15 ya fi kwano guda lokaci ɗaya, don in ya cika tumbi amai zai yi.

Maganar abinci kuma, da can cewa ake a hana shi ci kwana ɗaya ko biyu hanji ya huta. Bincike ya sauya wannan. A shekarar 2003 likitocin jami'ar Pretoria a Afirka ta Kudu sun raba 'yan kwikwiyo 30 masu ciwon parvo gida biyu, wasu aka hana su abinci sai amai ya tsaya, wasu kuma aka fara basu abinci mai ruwa ta siririn tiyo ta hanci awa 12 bayan kwantar da su, waɗanda aka ciyar da wuri sune suka riga farfaɗowa kuma suka ƙara nauyi. Dalili shine fatar cikin hanji daga abincin da ke wucewa take samun nata abincin. Don haka babban kare in yana amai ka ɗaga mishi abinci kamar awa 12 ya isa, in zawo ne kawai ba sai ka hana ba. Kwikwiyo kuwa ba'a yi mishi azumi, sukarin jininsa faɗuwa yake da sauri, in kaga ya yi laushi ka shafa mishi zuma a dasashi kuna hanyar asibiti. Abun da zaka bayar farar shinkafa ce da ta dahu luguf, kashi biyu ko uku, da tsokar kaza dafaffiya kashi ɗaya, ba fata ba ƙashi ba mai ba maggi ba yaji. Dafaffen ƙwai ma yana yi in kaza ta yi tsada, ɗan dafaffen kabewa kuma yana taimakawa kashi ya haɗu. Sau 4 zuwa 6 a rana kaɗan-kaɗan, in kashi ya daidaita sai ka riƙa cakuɗawa da abincinsa na kullum cikin kwana 3 zuwa 4. Banda madara, yawancin manyan karnuka basa narkar da ita sosai. Banda ragowar miya, don albasa da tafarnuwa suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare.

Yanzu Flagyl. Anan nake so mu ɗan daɗe don shine abun da aka fi yi min musu a kai, kowa zai ce ai na bayar kuma ya warke. Toh tambayar ita ce da baka bayar ba fa? Ita masu bincike suka bi. A jami'ar Florida ta Amurka, a wani aiki da ya fito a 2019, an ɗauki karnuka 60 masu zawo na farat ɗaya aka raba su uku ta hanyar ƙuri'a, kashi ɗaya metronidazole wato Flagyl, kashi ɗaya maganin ƙwayoyin bakteriya masu amfani, kashi ɗaya kuma ƙwayar da babu magani a cikinta, kuma daga mai kare har likitan da ke dubawa babu wanda ya san wanne aka bawa wanne. Masu Flagyl sun warke a kwana 4.6, waɗanda basu sha komai ba kwana 4.8, masu bakteriya mai amfani kwana 3.5, kuma da aka yi lissafi bambancin duka bai taka kara ya karya ba, zai iya zama dace ne kawai. Kafin nan a 2011 a Munich ta Jamus an gwada maganin kashe bakteriya amoxicillin da clavulanic a karnuka masu zawon jini waɗanda cutar bata shiga jininsu ba, masu sha da marasa sha duk tare suka warke. Gaskiya akwai wani ƙaramin bincike na 2020 da ya ga Flagyl ya rage kamar kwana ɗaya da rabi, amma a shekarar dai wani ya nuna lafiyayyun karnukan da aka bawa shi na mako 2, bakteriyar hanjinsu masu amfani basu gama dawowa daidai ba har mako 4 bayan an daina. Ni a ganina kwana ɗaya da rabi bai kai wannan ɓarnar ba. Ga kuma matsalar awo, ƙwayar mutane miligiram 200 ce ko 400, a bawa ɗan kare mai kilo 5 safe da yamma, in ya yi yawa ƙwaƙwalwa yake taɓawa, kaga kare yana tangaɗi idanu suna rawa a ce iska ce. Yana da wajen amfaninsa, likita ne zai faɗa bayan gwaji.

Su kuma ibuprofen da diclofenac, dan Allah ko da wasa. Gyambon ciki suke yi wa kare har ya huje, su lalata ƙoda. Paracetamol ma in an yi kuskuren awo hanta yake ci.

In kwana 2 ya wuce babu sauƙi, ko tun farko yana cikin waɗancan na gaggawa, sai asibitin dabbobi, kuma kar ka je hannu rabbana. Ka sa hannunka cikin leda mai tsafta ka ɗebi kashin da ya yi yanzu-yanzu, daga sama inda bai taɓa ƙasa ba, cikin cokali ɗaya ya isa, ka juya ledar ka ƙulle ka saka a wata ledar, ka kai cikin 'yan awowi kar ka barshi a rana a kan babur. A can zasu dama shi da ruwan gishiri mai kauri, ƙwan tsutsa ya taso sama su ɗauka su duba a madubin likita. Ka tafi da katin rigakafi in akwai, da kwalin duk maganin da ka riga ka bayar, kuma ka faɗi gaskiya. In dokta ya tambaya me ya ci kar ka ce abincinsa kawai, ka tambayi yara da maigadi tukuna, su suka san ya fita ko bai fita ba.

Parvo dai shine dodon masu kiwon kare. Ƙwayar bairos ce da aka fara ganewa a 1978 kuma cikin ɗan lokaci ta zaga duniya. Cikin hanji akwai wasu 'yan tsinkaye masu laushi kamar gashin tawul, su suke tsotse abinci da ruwa, ita kuma cutar tushensu take ci inda sababbi ke fitowa, sai hanji ya zama fili yana zubar da ruwa da jini, a lokaci guda ta shiga ɓargo ta karya fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta. Shi yasa anan kam dole a yi allurar kashe bakteriya, don ƙofa a buɗe take su shiga jini kuma babu mai tare su. Ta fi kama 'yan mako 6 zuwa wata 6, alamu suna fitowa kwana 3 zuwa 7 bayan ɗauka, da farko ya ƙi cin abinci ya yi shiru, sai amai, sai zawon. Rottweiler da Doberman da Alsatian sun fi jin jiki. Akwai ɗan gwaji na kashi da ke bada amsa cikin kamar minti 10, sai dai wani lokacin yana cewa babu alhali akwai, don haka likita yana haɗawa da abun da idonsa ya gani.

In ba'a yi komai ba yawancinsu mutuwa suke, kusan 9 cikin 10. Da ƙarin ruwa da allurar tsayar da amai da kulawa kuwa lissafin juyewa yake. Wanda aljihunsa bazai ɗauki kwanciya ba ya saurari wannan: a jami'ar jihar Colorado an gwada karnuka 40, sakamakon ya fito a 2017, bayan an fara farfaɗo da dukkansu da ruwa ta jijiya sai aka cigaba da yi wa 20 cikakkiyar jinyar asibiti, 20 kuma aka koma basu ruwa ta ƙarƙashin fata da allurai irin wanda za'a iya yi ana zuwa ana komawa. A na farko 18 suka rayu, a na biyu 16. Don haka ka tambayi dokta ko za'a iya tsara muku irin wannan, ya fi ka koma gida da shi ka zuba ido. A Brazil ma a 2018 an gwada zuba tataccen kashin lafiyayyen kare ta duburar 'yan kwikwiyo masu parvo tare da maganin da aka saba, zawonsu ya riga tsayawa, amma wannan aikin asibiti ne da karen da aka tantance, kar wani ya gwada a tsakar gida.

Bayan ciwo sai wanke gida, kuma nan ne ake yawan asara ta biyu, kare ya mutu yau mako mai zuwa a sayo wani a saka a keji ɗaya. Ƙwayar tana rayuwa watanni a ƙasa, a inuwa mai laima har shekara, sabulu da yawancin magungunan wanke ɗaki masu ƙamshi basa kashe ta. Bilic irin Hypo ko Jik shine, kashi 1 a ruwa kashi 30, amma sai ka fara kwashe ƙazantar ka wanke da omo, sannan ka zuba ka barshi minti 10 kafin ɗauraya. Kwanuka, sarƙa, keji, har takalmin da kake shiga da shi. A kan siminti yake aiki, turɓaya kam sai dai rana da lokaci. Wanda ya warke ka ware shi kamar mako 2 don yana cigaba da zubar da ita a kashi, kuma kar ka kawo sabon kwikwiyo gidan sai wanda ya gama allurarsa.

Allurar rigakafin kuwa, wadda ake kira DHLPP, ana farawa a mako 6 zuwa 8, a maimaita duk bayan mako 3 zuwa 4, ta ƙarshe kar ta gaza mako 16. Mutane suna yin ɗaya su ce an yi. Abun da ke faruwa shine kariyar da ya sha a nonon uwa tana iya kashe ƙarfin allurar farko, kuma babu mai sanin ranar da zata ƙare a jikinsa, shi yasa ake maimaitawa har a dace. Sannan ruwan allurar yana son sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, da yanayin wutarmu wanda ya zaro maka kwalba daga aljihun riga ruwa kawai zai tsira wa karenka, ka ga an fito da ita daga firji ko kula mai ƙanƙara. In mai sayarwa ya ce an yi mishi komai, ka ce ya nuna kati mai takardar jikin kwalbar a manne.

Tsutsa kuma kusan kowane kwikwiyo da ita yake zuwa, doguwar nan fara tun yana ciki take ratsawa daga uwa, mai ƙugiya kuma ta nono ko ta fatar ƙafa a ƙasa mai laima, damina kenan, ita ce mai shan jini har kashi ya yi baƙi. Ana bada maganin tsutsa a mako 2, 4, 6 da 8, sai duk wata har wata 6, babba kuma duk wata 3, kuma da awon nauyi, ba'a kintata daga kwalbar ivermectin ta shanu. In kaga wasu farare girman ƙwayar shinkafa a gindin wutsiya, wannan mai faɗi ce, ta ƙuma take zuwa, praziquantel ne maganinta kuma in baka kashe ƙumar ba zata dawo. Masu karɓo huhu da hanta daga kwata, duk wanda kuka ga da ƙulli mai ruwa a jiki kar ku bawa kare ɗanye, tsutsar da ke ciki tana girma a hanjinsa, ƙwanta ya fita a kashi, mutum ya ɗauka ta yi mishi irin wannan ƙullin a hanta. A dafa sosai, kuma a riƙa kwashe kashin kare kullum daga inda yara ke wasa.

Saura zawon da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ya wuce mako 3 ko yana tafiya yana dawowa kare yana ramewa. Bayan an duba kashi an bada maganin tsutsa, abun da likitoci suke fara gwadawa yanzu canjin abinci ne, don a wani bincike na karnuka 70 a Suwizalan a 2007 fiye da rabinsu abinci kaɗai aka sauya suka samu lafiya. Yadda ake yi shine ka zaɓi nama ɗaya da bai saba ci ba da abu ɗaya mai sitaci, misali kifi da dankalin Hausa, ka bashi su kaɗai na mako 2, ba ƙanzo ba ƙashi ba abun da yara ke jefa mishi, kana rubuta makin kashinsa kowace safiya. Ka duba buhun masara ko dusar da ake dama mishi ma, in ta yi fumfuna a zubar, gubarta hanta take kamawa. In mako 2 ya cika babu canji ka koma wajen dokta da takardar da ka rubuta, daga nan sai gwajin jini da hoton ciki.